Gyambon Ƙudan Rairayi: Bincike Ya Yi Gaba, Allura Tana Nan

A shekarar 1912 wani matashin likita ɗan Brazil, Gaspar Vianna, ya yi wa masu gyambon lishmaniya allurar wani gishiri na sinadarin antimoni, sai miki ya rufe. An sake fasalin maganin a shekarun 1940 ya zama Pentostam da Glucantime, kuma har gobe su ne likitoci suke fara miƙa wa hannu daga Kabul zuwa Lima. Majinyaci yakan sha allura kullum har kwana 20, ga zafi, ga ciwon gaɓoɓi, ga fargabar taɓa zuciya da hanta. Duk wannan a kan ciwon da ba ya kisa.

Macen wani ɗan ƙuda ce take kawo cutar. Tsawonsa bai wuce milimita uku ba, don haka yakan kutsa ta ramin gidan sauron da ba a jiƙa da magani ba. Bayan makonni sai ƙurji ya fito inda ya ciza, yawanci a fuska ko hannu ko ƙafa, ya fashe ya zama gyambo mai tudun baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 600,000 zuwa miliyan ɗaya suke kamuwa duk shekara, amma kimanin 200,000 ne kawai suke shiga lissafin hukuma.

Talaucin masu cutar ya hana kamfanonin magani zuba kuɗi, wannan sananne ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ita kanta cutar tana da wuyar bincike. Na farko, tana warkewa da kanta. Mutanen Aleppo sun daɗe suna kiranta ƙurjin shekara guda. Na biyu, jinsunan ƙwayar cutar da ke kama mutum sun haura 20, kuma maganin da ya ci wani a Tunisiya yana iya kasa taɓa ɗan'uwansa a Peru, inda ciwon kan koma ya cinye hanci da baki.

Gwajin da Afif Ben Salah da abokan aikinsa suka wallafa a 2013 ya fito da matsalar farko fili. A Tunisiya aka raba mutum 375 gida uku, ana shafa musu man shafawa kullum tsawon kwana 20. Waɗanda mansu yake ɗauke da paromomycin, kashi 81 zuwa 82 cikin ɗari suka warke. Amma waɗanda aka ba su man da babu magani a ciki, su ma kashi 58 suka warke. Da ba a ajiye wannan rukuni na uku ba, da an ɗora wa maganin rawanin da ba nasa ba. Kuma a nan ne yawancin tsofaffin gwaje-gwaje suka faɗi: nazarin da ƙungiyar Cochrane ta yi a 2017 ya tarar da cewa mafi yawansu ƙanana ne, marasa tsari mai ƙwari.

Wani gwaji da aka yi a Kabul ya fi ban mamaki. A 2005 Richard Reithinger da tawagarsa suka kwatanta allurar antimoni da wata ƙaramar na'ura mai gasa gyambo da zafin digiri 50 na daƙiƙa 30, zama ɗaya tak. Zafin ya warkar da kimanin kashi 69, allurar da ake yi a cikin gyambon kanta kashi 75, allurar tsoka kuwa kashi 45 kacal. Ga uwar da za ta riƙa ɗauko yaro daga bayan gari sau da yawa tana biyan kuɗin mota, zuwa ɗaya ya fi mata wannan ɗan bambancin maki shida nesa ba kusa ba. Duk da haka, na'urar da man shafawar ba su isa yawancin ƙananan asibitocin da masu cutar suke zuwa ba.

Akwai kuma miltefosine, ƙwayar haɗiya da aka fara ƙirƙira don ciwon daji. Ana shanta kwana 28, tana sa amai, kuma haramun ce ga mai ciki. Wata ƙungiya mai suna DNDi ta gwada haɗa ta da gashin zafi a Kudancin Amurka don rage kwanakin.

Sai dai akwai giɓi a ma'aunin da masu bincike suke aiki da shi. A wurinsu, da fata ta rufe an warke. A wurin budurwar da tabo ya zauna mata a kunci kuwa, lokacin ne wahala take farawa. Nazarce-nazarce a Afganistan sun nuna ana ƙyamar irin waɗannan mata, har aure ya gagare su. Maganin da ya rage girman tabo ya cancanci maki, ko da bai ƙara yawan waɗanda suka warke ba.

Cutar ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma. A Nijar aka fara rubuta labarinta a yankin tun 1911. Ta ɓarke a Wagadugu a 1996, sannan a yankin Volta na Ghana daga 1999, kuma likitoci sun ba da rahotonta a Sakkwato da Keana ta Jihar Nasarawa. Da yake jinsin ƙwayar cutar da ake kira Leishmania major ne aka fi samu a Sahel, irin na Tunisiya, sakamakon Ben Salah ya shafi yankin kai tsaye. Amma a 2015 aka gano cewa a cikin gyambon mutanen Volta akwai wani jinsi dabam da ba a san shi a da ba, wanda gwajin Tunisiya da na Kabul duk ba su shafe shi ba.