Kwalarar Makka da Halittar da Ido Ba Ya Gani

Duk ɗan'uwan da ya san Makka ya san Shisha, unguwar nan ta kusa da Mina mai cike da masaukan alhazai, inda asibitin Sarki Faisal yake. A wannan yanki ne, tsakanin Mina da cikin gari, annobar kwalara ta afka wa mahajjata a shekarar 1865. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne mutum 15,000 suka rasu cikin kimanin 90,000 da suka yi aikin Hajjin bana ɗin, Allah Ya jiƙansu. Jiragen ruwa masu aiki da tururi suka kwashi masu komawa gida zuwa Suwes, jirgin ƙasa ya kai su Iskandariyya, daga nan cutar ta tsallaka Turai. Hankalin Turawa ya tashi, har aka kira taron ƙasashe a Santambul a 1866, inda aka amince cewa daga Indiya cutar take tasowa, kuma mutane ne ke ɗauke da ita. Daga baya aka kafa wuraren killace alhazai, irin su tsibirin Kamaran a Bahar Maliya da garin Ɗur na Sinai, wanda Turawa ke rubutawa El Tor. Ita ma unguwar Karantina ta Jidda, da 'yan'uwanmu da yawa suka zauna, daga irin wannan killacewa sunanta ya samo asali.

To, amma mene ne mutanen ke ɗauke da shi? A wancan lokaci mafi yawan likitoci sun tafi a kan cewa gurɓatacciyar iska ce mai tashi daga ƙazanta. Tun wajen 1675 Leeuwenhoek, ɗan ƙasar Holan, ya ga ƙananan halittu suna yawo a cikin ɗigon ruwa ta madubin da ya haɗa da hannunsa, sai dai ba a ɗauka cewa abu ƙanƙane haka zai iya kashe ƙato ba. A 1854 Filippo Pacini ya ga ƙwayar a hanjin mamata a Italiya, ya rubuta, ba wanda ya kula shi. A shekarar dai John Snow ya bi gida-gida a Landan yana ƙirga mamata, ya tarar sun taru ne kewaye da famfon ruwa guda.

Sai a 1883 gwamnatin Jamus ta tura Robert Koch Iskandariyya, daga can ya wuce Kalkata, inda a farkon 1884 ya ware ƙwayar ita kaɗai ya rene ta. Siffarta kamar waƙafi take. Tana cin abinci, tana motsi da ɗan wutsiya, tana rabuwa biyu ta hayayyafa, wato dai duk alamomin da malamin bayoloji ke lissafa wa ɗalibi a darasin farko game da abu mai rai. Koch ya same ta a jikin masu kwalara, bai same ta a jikin masu wata gudawar ba, ya kuma same ta a ruwan wani tafki da mutanen unguwa ke sha. Abu ɗaya ya gagare shi: ya ba dabbobi ita, ba su kamu ba.

Wannan giɓi ne Max von Pettenkofer, babban malamin tsafta na birnin Munik, ya riƙe. A 1892, yana da shekara fiye da 70, ya ɗauki ruwa cike da ƙwayar ya shanye, bai samu komai ba sai ɗan zawo. A ganina dattijon ya nuna jarunta, amma gwaji a kan mutum ɗaya ba hujja ba ne, domin ba kowa ne ƙwayar ke kayarwa ba. Hujjar ta zo a wannan shekarar daga Hambog. Birnin yana shan ruwan kogin Elbe ba tacewa, ya rasa mutum sama da 8,000, alhali maƙwabciyarsa Altona, da ke shan kogin ɗaya amma tana tace shi da yashi, ta tsira da ɗan kaɗan. Iska ɗaya, ƙasa ɗaya, ruwa ne kawai ya bambanta. Ɗalibin kimiyya ya lura da wannan, don haka ake gwaji: a bar komai yadda yake, a sauya abu guda, a ga abin da zai biyo baya.

Mu dawo kan alhazai. A 1905, a wurin killacewa na Ɗur, wani likita Bajamushe mai suna Felix Gotschlich ya binciki gawarwakin mahajjata shida da suka dawo daga Makka. Ya sami ƙwaya mai kama da ta Koch sak, alhali babu ɗayansu da ya nuna alamar kwalara, a raye ko a mace. Abin ya saɓa wa ƙa'idar da aka riga aka yarda da ita, kuma da sauƙi a ce kuskure ne a zubar. Ba a zubar ba. An adana ƙwayar, an raɗa mata suna El Tor, an gano cewa tana fasa jajayen ƙwayoyin jini a kwanon gwaji, abin da ta Koch ba ta yi. Shekaru da dama masana suna gardama a kan ko tana cutarwa ko ba ta yi.

A 1937 ta haddasa ɓarkewar cuta a tsibirin Sulawesi na Indunusiya, aka ce abin na wannan yanki ne kawai. A 1961 ta fito daga can ta fara annobar kwalara ta bakwai da ta game duniya. Dalilin yaɗuwarta kuwa shi ne ainihin abin da ya ɗaure wa Gotschlich kai: mutane da yawa suna ɗauke da ita ba tare da sun kwanta ba, su hau jirgi lafiya lau, kuma ta fi ta Koch jure zama a ruwa. Ta shiga Gini a 1970, kafin ƙarshen shekarar ta iso Najeriya ta wajen Legas, a 1971 kuma ta bazu har Arewa da Nijar. Zuriyarta ce ke tashi a garuruwanmu idan damina ta sauka, ambaliya ta haɗa ruwan masai da na rijiya.