Kuɗin Dako da Bazuwar Amurka Zuwa Yamma

A 1803 Amurka ta sayi yankin Louisiana daga hannun Faransa a kan dala miliyan 15, faɗin ƙasar ya kusan ninkawa. Amma mallakar fili a takarda daban, cin moriyarsa daban. Marubutan wancan zamani sun sha cewa Ubangiji ne ya ƙaddara musu nahiyar. A ganina, abin da ya tura mutane yamma ya fi wannan kirari sauƙin aunawa: faɗuwar kuɗin dako ne.

A duba halin manomin kwarin kogin Ohio a farkon ƙarni na 19. Tsaunukan Appalachian sun tokare tsakaninsa da kasuwannin gabas, kuɗin kai masara a keken doki har ya kan zarce kuɗin masarar. Shi ya sa da yawa suke mayar da ita barasa, don ta fi sauƙin ɗauka. Wasu kuma su harhaɗa katako su yi kwale-kwale mai faɗi, su bi ruwa har New Orleans, su sayar da kaya, su wargaza kwale-kwalen su sayar da katakon, sannan su tako gida a ƙasa, tafiyar makonni. Kogi na gangarawa da kaya, amma ba ya hawowa da su.

Jirgin ruwa mai aiki da tururi ne ya kawo sauyi. Robert Fulton ya gwada nasa a kogin Hudson a 1807, a 1811 kuma aka sako irinsa daga Pittsburgh zuwa kogin Mississippi. Sai mashigin ruwa na Erie da aka haƙa, mil 363 daga Albany zuwa Buffalo, aka buɗe shi a 1825. Dakon tan ɗaya ya sauko daga kusan dala 100 zuwa kimanin dala 10. Daga nan alkamar yamma ta samu kasuwa, birnin New York kuma ya tsere wa tsara. Garmar ƙarfe ta John Deere, ta 1837, da injin girbi na McCormick sun zo ne a daidai lokacin da noma da yawa ya fara biyan wahala.

A kudu labarin ya fi muni. Injin gurzar auduga na Eli Whitney, na 1793, ya sa ƙasar Alabama da Mississippi ta yi daraja, bauta ta bi auduga zuwa can. Wata doka ta 1830 ta ba da damar tayar da 'yan asalin ƙasar, a 1838 aka tasa ƙeyar ƙabilar Cherokee, dubbai suka mutu a hanya.

Mai ja zai ce ai mutane sun isa Oregon, sun kuma yi tururuwa zuwa California neman zinariya a 1849, tun babu layin dogo zuwa can. Gaskiya ne. Sai dai zinariya kaya ce mara yawa mai tsada, ba ruwanta da kuɗin dako, kuma waɗannan matafiya ratsa filayen tsakiya suka yi, ba su zauna ba. Zaman ya kankama ne bayan dokoki biyu na 1862, ɗaya ta ba magidanci eka 160, ɗayar ta ba kamfanonin dogo filaye da rance. Ranar 10 ga Mayu, 1869 layin dogon gabas da na yamma suka haɗu a Promontory ta Utah, da gumin dubban lebura 'yan Sin da 'yan Ireland, tafiyar watanni ta koma ta kusan mako guda. Kamfanonin kuwa ba su zauna jiran fasinja ba. Har Turai suka riƙa aika wakilai suna tallar filayen gefen layi, domin duk wanda ya sayi gona a wurinsu, a jirginsu zai yi lodin hatsinsa.