Tegla Loroupe, 'Yar Makiyayan da Aka Raina

Mu mutanen Yawuri, tseren da muka fi sani shi ne na jiragen ruwa a bikin Rigata. Tseren ƙafa na dogon zango da ake kira maraton, mai kilomita 42 da 'yan mitoci, sai dai mu gani a talabijin. Duk da haka muna so matasanmu, musamman 'yan mata, su san tarihin Tegla Loroupe, domin gidan da ta fito ya yi kama da gidaje da yawa a ƙauyukan Shanga da Ngaski.

An haife ta a 1973 a yankin Pokot ta Yamma, ƙasar Kenya, a gidan makiyaya. Mahaifinta na da mata huɗu, ita kuwa ta tashi cikin 'yan'uwa 24. Makarantarsu na da nisan kusan kilomita 10, kullum da gudu take zuwa, ba takalmi, har aka lura tana wuce yaran da suka girme ta. Mahaifinta bai so ba, a ganinsa gudu ba aikin mace ba ne, gara ta zauna ta yi reno. Hukumar wasannin ƙasar ma da farko ba ta ɗauke ta a bakin komai ba, wai ta cika ƙanƙanta da rama. Mahaifiyarta da yayarta Albina ne suka tsaya mata.

A 1994 ta ci gasar birnin New York a Amurka, ta zama mace ta farko daga Afirka da ta taɓa cinta. Da shekara ta zagayo, gab da gasar, Albina ta rasu. Tegla ta tafi cikin makoki, ta sake yin na ɗaya. A watan Afrilu 1998, a Rotterdam ta ƙasar Holan, ta gama cikin awa 2 da minti 20 da daƙiƙa 47, ta karya tarihin da Ingrid Kristiansen ta Norway ta kafa shekara 13 kafin nan. Wasu suka yi ƙorafi cewa maza ne suka riƙa gudu tare da ita suna ja mata gaba. A 1999 ta je Berlin ta ƙara rage daƙiƙa huɗu, a 2000 kuma ta ci gasar Landan. Lambar Olimfik ce dai ba ta samu ba: a Sidni ciwon ciki ya kama ta, ta daure ta zo ta 13.

Abin da ya fi jan hankalinmu, 'yan'uwa, shi ne yadda ta yi da sunan da ta samu. Mutanen Pokot da maƙwabtansu, Turkana da Marakwet da Karamojong na Uganda, sun daɗe suna kashe juna a kan satar shanu, kuma da bindigogi suka yawaita abin ya ƙara muni. Mu a nan Kebbi ba sai an yi mana bayanin wannan ba. A 2003 ta kafa gidauniyar zaman lafiya, ta fara shirya tseren kilomita 10 a garin Kapenguria, inda samarin da ke kai wa juna hari ke gudu kafaɗa da kafaɗa. Tseren bai kawo ƙarshen satar shanu ba, har yau ana yi. Amma ya haɗa abokan gaba a fili ɗaya ba makami a hannu, gidauniyar kuma ta gina makaranta a Kapenguria domin yaran da rikicin ya shafa.

Daga baya ta buɗe sansanin horo a Ngong, kusa da Nairobi, domin 'yan gudun hijira. A 2016 ita ce ta jagoranci tawagarsu ta farko zuwa wasannin Olimfik a Rio, ƙasar Brazil. Cikin 'yan wasa goma, biyar 'yan Sudan ta Kudu ne da suka fito daga sansanin Kakuma, kuma ɗaya daga cikinsu, Rose Nathike Lokonyen, ita ta riƙe tutar a ranar buɗe gasa.