Guɗa, Amshi da Sauran Sunayen Murya

Idan kin taɓa zuwa bikin Hausawa a nan Madina, kin san yadda ake gane wadda ta tashi a gida. A wani biki a unguwarmu ta Ƙiblatain, wata gwaggo ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, sai 'yata ta ce min, “Umma, gaɗrafa!” Na ce a'a, wannan guɗa ce. Matan Hijaz harshe suke kaɗawa, hannu a bisa baki. Tamu kuwa maguɗiya hanci take riƙewa, shi ya sa take fita siririya, tana ratsa kunne. Yarinyar ba ta yi laifi ba, ni ce ban taɓa faɗa mata sunan ba.

To ke fa, naki 'ya'yan sun san amshi?

Makaɗan dauri kowace dabara sun sa mata suna. Akwai jagora, mai jan waƙa, akwai 'yan amshi. Layin da ake ta komawa kansa shi ne gindin waƙa, baitocin kuma ɗiya. Saurari Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999: shi kaɗai ke zuba magana a kan kalangu, yaransa gindin kawai suke maimaitawa. Sai ki saka Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ko Musa Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991. Su jagora kan ɗauko zance ya sake shi a tsakiya, 'yan amshi su ƙarasa, wannan shi ne ƙari. In sun bi shi a tare har ƙarshen layi, rakiya ke nan. Ni dai wannan salon ya fi kama ni, don sai mutane sun shekara tare kafin numfashinsu ya zo ɗaya haka. Gefe kuma ga sanƙira yana jefa kirari da zuga. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun tattara kalmomin nan a littafi.

Turawan karkarar Amurka ma suna da nasu. Jimmie Rodgers, da ya fara faifai a 1927, ya yi suna da abin da suke kira yodal: ka karya murya daga ƙirji ta haura can sama, ka sake faɗowa. Shekara talatin bayansa Buddy Holly ya shigo da wata 'yar shaƙuwa a tsakiyar kalma. A idon ma'aikaciyar jinya duk aikin wuri ɗaya ne: 'yan tantani biyu a maƙogwaro, su saki, su ɗaure, ko su datse iska na ɗan lokaci.

Da muka dawo gida na sa wa 'yata kiɗan amada na Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, na ce ta nuna min inda mata ke amsawa. Ta gane nan take. Guɗar kuwa ta kama hanci ta gwada sau uku, tari ya sarƙe ta. Na ce ranar Juma'a za mu je wajen gwaggon.