Fina-finan kaboyi na neman zinariya: wa aka nuna, wa aka ɓoye

Fina-finan kaboyi na neman zinariya reshe ne na fina-finan da Hollywood ta daɗe tana shiryawa kan yammacin Amurka. Labarinsu kusan ɗaya ne: wasu maza sun ɗauki diga da shebur da alfadari sun nausa cikin duwatsu, sun dace da arziki, sai haɗama ta raba kansu. Jaruman kusan duk Turawa ne. Tarihi kuwa ya nuna filayen haƙar sun tara jinsi iri-iri.

Yadda filayen suke a zahiri

Ranar 24 ga Janairun 1848 James Marshall ya tsinci zinariya a Coloma, cikin Kalifoniya. Kafin 1855 mutum wajen 300,000 sun kwarara yankin, cikinsu har da ƴan Meksiko, ƴan Chile, Faransawa da baƙaƙen fata, wasu ƴantattu, wasu bayi da iyayengijinsu suka kawo. A 1852 kaɗai ƴan China wajen 20,000 suka sauka.

Hukuma ba ta ɗauke su ɗaya ba. A 1850 an ɗora wa baƙi masu haƙa harajin dala 20 a wata, wanda ya kori ƴan Meksiko da ƴan Chile da yawa. A 1854 Kotun Ƙolin jihar ta hana ɗan China ba da shaida a kan Bature. Ƴan asalin ƙasar su suka fi ji a jiki: masana tarihi sun ƙiyasta cewa adadinsu ya faɗo daga wajen 150,000 zuwa wajen 30,000 tsakanin 1846 da 1873, sakamakon kisa da yunwa da cututtuka. A 2019 gwamnan jihar, Gavin Newsom, ya nemi gafara, ya kira abin kisan kiyashi.

Yadda fim ya nuna su

Wasu an ture su gefe. Paint Your Wagon na 1969 labarin sansanin haƙa ne a Kalifoniya, amma manyan taurarinsa uku, Lee Marvin, Clint Eastwood da Jean Seberg, duk Turawa ne. A yawancin irin waɗannan fina-finai, ɗan China kuku ne ko mai wanki, ba mai ramin kansa ba.

Wasu an mayar da su abin tsoro. The Treasure of the Sierra Madre na John Huston ya fito a 1948, ya ci kyautar Oscar uku. A Meksiko labarin yake, amma Amurkawa uku ne masu haƙar. Ɗan ƙasar da aka fi tunawa a ciki shi ne shugaban ƴan fashi, wanda Alfonso Bedoya ya fito a matsayinsa.

Wasu an ba wa wani rawarsu. A Mackenna's Gold na 1969, Omar Sharif ɗan Masar ne ya fito a ɗan fashin Meksiko, Baturiya Julie Newmar kuma ta fito a macen ƙabilar Apache.

Akwai kuma inda aka juya tarihin kansa. They Died with Their Boots On na 1941, wanda masu kallo da Faransanci suka sani da La Charge fantastique, ya nuna wasu ƴan kasuwa ne suka ƙirƙiro jita-jitar zinariya a tsaunukan Black Hills, shi kuwa George Custer yana tausaya wa ƙabilar Lakota. A gaskiya ayarin sojan Custer ne ya ba da labarin zinariyar a 1874, a ƙasar da yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868 ta bar wa Lakota.

Tasiri da sauyi

Wannan hoto bai tsaya a Amurka ba. Gidajen sinima na biranen Afirka sun haska fina-finan kaboyi shekara da shekaru, har Moustapha Alassane na Nijar ya shirya Le Retour d'un aventurier a 1966, kan samarin da suka sa kayan kaboyi suka addabi ƙauyensu. Masu kallo da yawa daga majigi suka fara sanin wannan yanki na tarihin Amurka.

Daga baya an sami masu gyara. Thousand Pieces of Gold na Nancy Kelly ya ɗora labarinsa kan Polly Bemis, ƴar China da aka sayar aka kai ta garin haƙa a Idaho. Shirin talabijin na Deadwood, daga 2004 zuwa 2006, ya ba unguwar ƴan China wuri a cikin labarin.

Rikicin Black Hills kuwa bai mutu ba. A 1980 Kotun Ƙolin Amurka ta amince a biya diyyar sama da dala miliyan 100 saboda ƙwace tsaunukan. Lakota sun ƙi karɓar kuɗin, sun ce ƙasarsu suke so.