Daga HaXml zuwa Wayoyin Ma'aikatan Rigakafi

Mu da muke rubuta manhaja a Kaduna, daga Unguwar Rimi zuwa Malali da Kawo, kusan kullum sai mun taɓa fayil ɗin XML. Misali mafi kusa da mu shi ne tarjamar Alƙur'ani ta Sheikh Abubakar Gumi, wanda ya yi shekaru yana tafsiri a Masallacin Sultan Bello. Shafin Tanzil yana ba da ita a tsarin XML: surori 114, kowace da ayoyinta a ƙarƙashinta, kowace aya da lambarta. Fayil irin wannan bishiya ce mai rassa, aikinmu kuwa shi ne mu tambaye ta ta ba mu reshen da muke so.

An tabbatar da ƙa'idar XML a Fabrairun 1998, XPath kuma, harshen da ake bin rassan da shi, a Nuwamban 1999. Mutanen harsunan fankshin, irin su Haskell da Scheme da OCaml, ba su ga baƙon abu ba, domin tun asali da bishiyoyi suke aiki. A wajensu fankshin yana karɓar abu ya mayar da sakamako ba tare da ya taɓa asalin ba.

A 1999 Malcolm Wallace da Colin Runciman na Jami'ar York a Ingila suka gabatar da HaXml, laburaren Haskell da ya buɗe hanya. Dabararsu ita ce kowace tambaya fankshin ce da ke karɓar reshe ɗaya ta mayar da jerin rassa. Idan jerin ya dawo babu komai, ba a samu ba ke nan. Sai a jera ƙananan tambayoyi kamar rariya bisa rariya: ta farko ta tace surori, ta biyu ta riƙe mai lamba 2, ta uku ta sauko kan ayoyinta. Sun kuma kawo hanya ta biyu, inda ake mayar da ƙa'idar fayil ta zama nau'in bayanai na Haskell, ta yadda kuskure zai bayyana tun kafin a kunna manhajar.

A Scheme, Oleg Kiselyov ya nuna cewa ana iya rubuta XML da jerin baka irin na harshen kansa. Ya kira shi SXML, aka ɗora SXPath, mai yin aikin XPath, a kai. A Jamus, Uwe Schmidt da ɗalibansa a Wedel suka gina HXT, mai faɗi sosai, har da XPath a ciki, sai dai koyonsa yana wahalar da sabon shiga. Haruo Hosoya da Benjamin Pierce kuwa sabon harshe suka ƙirƙira, XDuce, wanda CDuce ya gaje shi a Faransa.

Nasarar da ta fi girma ta zo ne a 2007, lokacin da aka tabbatar da XQuery, wanda shi kansa harshen fankshin ne. Philip Wadler, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara Haskell, yana cikin masu aza masa tushe, kuma da OCaml aka rubuta Galax, ɗaya daga cikin injinansa na farko.

Daga nan JSON, wani tsarin bayanai na daban, ya mamaye intanet, kasuwar XML ta ja baya. Harshen Scala, da ya shigar da XML cikin nahawunsa, ya fitar da laburaren gefe a 2014. A Haskell mutane da yawa suka koma xml-conduit na Michael Snoyman, mai iya karanta babban fayil kaɗan-kaɗan ba tare da ya cinye ƙwaƙwalwar kwamfuta ba.

Amma a Arewa aikin bai mutu ba. Manhajar ODK, wadda masu bincike na Jami'ar Washington suka fara a 2008, ita ce ma'aikatan rigakafin shan inna da masu tattara bayanai suka riƙa ɗauka a wayoyinsu. Fom ɗinta XML ne, ko da yake a Excel ake fara rubuta shi. Duk sharaɗin da aka rubuta a Excel, kamar kada tambayar juna biyu ta fito sai ga mace, XPath yake komawa kafin ya isa waya. Matashin da ya fahimci haka yakan gyara fom ɗin da ya gagari wanda ya haddace umarni kawai.

Shi ya sa nake roƙon malamanmu a Kadpoly da KASU su ware ko da mako biyu ga wannan darasi. A ba ɗalibi fayil na Hausa na gaske, mai ɓ da ɗ da ƙ, a sa shi ya gina rariyoyinsa da hannunsa a Haskell. Laburare yana tsufa a sauya shi, amma wanda ya iya haɗa ƙananan tambayoyi su zama babba zai yi aiki da kowane tsari ya tarar.