Kazimierz Nowak: Afirka a Kan Keke

A watan Nuwamba 1931 Kazimierz Nowak, mutumin Poland, ya bar Tarabulus a kan tsohon keke, ya nausa kudu. Neman abinci ne ya fito da shi, domin da hotuna da labaran da yake aika wa jaridu yake ciyar da iyalinsa. Inda dare ya riske shi, nan yake kafa tanti. Iyakokin da ya ratsa galibi Turawan mulkin mallaka ne suka shata su. Sai a 1934 ya kai ƙuryar kudancin nahiyar.

Dawowar ta fi wuya. Keken ya lalace, ya koma doki, sannan kwalekwale. Sahara kuwa raƙumi ne ya ƙetarar da shi. Ya isa Aljeriya a 1936, ya rasu a Poznań a 1937, zazzaɓin cizon sauro ya riga ya raunana shi.